Jar Motar Falalu da Tumatirin Gwaggo

Duk wanda ya zauna Bakura a shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori ya san Falalu, ko yana so ko ba ya so, domin Falalu ba ya barin mutum ya rasa saninsa. Aikinsa a sansanin Turawan dam bai wuce ɗaga sandar ƙofa ba. Mota ta zo ya ɗaga, ta wuce ya sauke, ya ƙame ya sara. Amma in ya dawo da yamma ya zauna teburin mai shayi, sai ka rantse da hannunsa aka tare kogin. Zancen mota kuwa ba a ja da shi, wai babu irin da bai sani ba, tunda ba wadda ta taɓa shiga sansanin sai da izininsa. Tuƙin ma ya ɗan taɓa, a kan wata tarakta, ranar da direbanta ya tafi salla ya bar makulli a jiki.

Gwaggo Taiba, yayar mahaifinsa, ita ta rene shi tun yana rarrafe. Ruwan dam ya cinye gonar da ta gada wajen ubanta can gefen Maradun, aka yi ta jan ta da zancen diyya har ta fid da rai, sannan aka biya ta, aka kuma yanka mata fili a bakin kanal, wato magudanar ruwan dam, kusa da Bakura. Tsohuwa ba ta zauna kuka ba. Ta dasa tumatir da rani, tumatir kuwa ya yi 'ya'ya kamar yana jin haushin wani. Matsalar ɗaya ce. Manyan motocin Kudu da ke sayen tumatir a kasuwar Talata Mafara da hantsi suke lodi, kafin azahar sun kama hanya. Jakunan Baba Barau, maƙwabcinta da ke mata dako, ba sa ɗaukar rabin abin da gonar ke bayarwa.

Sai ta kira Falalu, wanda a lokacin Turawa sun fara tattara komatsansu, aikin sandarsa ya ƙare. Ta ciro wani ƙulli daga ƙasan tukunya ta ajiye gabansa.

"Ka ga wanga ƙulli? Gonar ubana ce duka a ciki. Ka tahi Mafara ka sawo muna mota mai baya, wadda za a ɗora wa kwanduna. Ko mummuna ce ba ruwana, in dai lahiyarta lau."

"Gwaggo, kwantar da hankalinki. Ni da mota kallo guda mukan yi wa juna, kowa ya san matsayin ɗan'uwansa."

A Mafara akwai garejin Augustine, mutumin Kudu da ya daɗe a garin har Hausa ta zauna masa a baki, kowa na ce masa Oga Agusti. Shi ke karɓar motocin Turawan da suka tashi yana sayarwa. Yana da wani hali da ba ya taimakon ciniki, wato ba ya iya ɓoye aibin mota. Da ya ji buƙatar Gwaggo sai ya ja Falalu wajen wata a-kori-kura, fentinta ya koɗe, gefenta ya loɓa, ƙofar baya an ɗaure da waya. Ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi, tana rugugi a hankali ba tari ba atishawa.

"Wannan ita ce motar tumatir, Malam Falalu. Kyau dai babu, amma za ta kai ka Legas ta dawo."

Falalu bai ji ba. Idonsa na can ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, inda wata jar aba ke kwance a ƙasa, gajera, mai tsinin baki, tana walƙiya. Ya gane ta. Ta wani saurayin injiniya ce, wanda ko gaisuwa ba ya amsawa in an ɗaga masa sanda, sai dai ya bar wa Falalu ƙura. Tun a lokacin abin ke cin ransa.

Ya zagaye ta yadda ake zagaye bijimi a kasuwar kara. Ya bubbuga mata cinya, ya durƙusa ya leƙa bakinta, ya ja da baya ya karkata kai. Masu zaman kashe wando na bakin gareji suka taso suka kewaye shi, shi kuwa Falalu in ya ga taro wuyansa ƙaruwa yake.

"Oga Agusti, wagga mi ta iya?"

Augustine ya nuna masa ba da son ransa ba. Ya taɓa wani maɓalli, fitila ta ɗago kai daga cikin goshin motar kamar kwaɗo ya leƙo daga ruwa. Ɗaya dai, ɗayar ta ƙi. Ya cire rufin gaba ɗaya ya jingine a bishiya. Ya nuna masa gidan kaset, da abin kunna taba, da agogo-agogo birjik a gaban sitiyari. Daga ƙarshe ya danna ham. Maimakon ƙarar da kowa ya sani, sai motar ta rera wata 'yar waƙa: tiriri-tiriri-taram!

Nan take gonar uban Gwaggo ta fita daga hannun a-kori-kura.

"Tsaya ka ji sauran," in ji Augustine. "Ba ta ribas."

"Wanda ya sa gaba mi za ya kai shi baya? Mantuwa na yi?"

"Birkinta sai ka yi ta lallashi kafin ya kama."

"Ai ba don tsayawa anka ƙera ta ba."

"Ƙofar direba ba ta buɗuwa."

"Sama a buɗe, ƙofa ta mi?"

"Cikinta yana jan ƙasa. Hanyarku ta gona ce."

"Ladabi ke nan. Ka taɓa ganin mota mai risinawa irin wagga?"

"Kujera biyu ce kawai fa."

"Ni da Gwaggo. 'Yan a-rage-mani-hanya sun huta."

Don ya ƙarasa burge jama'a, sai ya ce a buɗe masa gaba ya duba inji, shi ba ya sayen mota sai ya ga zuciyarta. Aka buɗe. Wayam. Wani rami ne kawai shimfiɗe da baƙin kafet, ko ƙusa babu. Falalu ya leƙa, ya sake leƙawa, ya sa hannu ya shafa. Taro na jiran masani. Gumi ya tsattsafo masa a hanci. Irin wannan mota dai a baya injinta yake, daf da bayan kujeru, ƙarƙashin wani murfi mai tsaga-tsaga da zafi ke fita ta ciki. Tambaya ɗaya da ta raba gardama, amma Falalu gara a yanka shi da ya yi tambaya a gaban mutane.

Ya miƙe ya kaɗe hannu.

"Kun gani ko? Sabuwar hikimar Bature ke nan. Ba ta da inji. Abin da babu shi kuwa, ta ina za ya lalace?"

"Malam Falalu, injin ai yana..."

"Oga Agusti, kai gyara ka iya, ni sani na sani. Kowa ya tsaya wurinsa."

Da aka tayar da ita ƙara ta fito ta baya, ya ce ai salansa ce, bututun hayaƙi. Da ya ga murfin mai tsaga-tsaga kuwa har tafi ya yi. Wai tagogi ne Bature ya yi wa kaya don su sha iska, kamar dai don tumatir aka ƙera ta. Augustine ya ɗaga hannu sama ya ce jama'a su shaida ya faɗa. Wani daga cikin taron ya ce su dai shaidarsu ita ce ya so ya faɗa.

Shigar Falalu Bakura ba a taɓa yin irinta ba. Tun daga bakin gari yake danna waƙar nan, mata na leƙowa ta katanga, awaki na tsinke igiya. Ya karya kan mota ya shige lungun gidan Gwaggo, lungun da ba ya ɓullewa ko'ina, ya yi ta lallashin birki har hancin motar ya sumbaci dakalin zaure. Ya yunƙura zai fito ta sama cikin ƙasaita, babbar riga ta maƙale a sandar giya, ya sauko da ka, hula ta yi gaba.

Gwaggo ta fito tana gyara lulluɓi. Ta dubi motar daga gaba, ta taka ta je ta dube ta daga baya, ta dawo.

"Falalu, ina sauran?"

"Sauran mi, Gwaggo?"

"Sauran motar. Ko gobe za a kawo bayanta?"

"Ke nan duka. Ba girma aka bi ba, Gwaggo, gudu aka bi. Kafin a-kori-kura ta kai Mafara sau guda, wagga ta tahi ta dawo ta sake tahiya tana waƙa."

Ya taɓa maɓalli don ya sanyaya mata rai, fitila ɗaya ta ɗago. Gwaggo ta ja da baya tana salati.

"Kashe mani ido takai? Ni da jikoki?"

Rukayya matar Falalu tana bakin ƙofa da taɓarya a hannu. Ta ce, "Malam, in ce ko sun rage maka kuɗin ɗayan idon?"

Baba Barau ma ya fito, ya tsaya hannu a baya yana kallo. Ya ce shi dai ranar Talata zai kawo jakuna kamar kullum, ko don ragowar kwanduna. Falalu ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Baba Barau, zamanin dakon jaki ya wuce. Ka kai jakunanka su huta, ko ka nema masu aikin ɗibar taki. Tumatirin Gwaggo ya gama hawan dabba."

"To, madalla," in ji Barau. "Allah shi kai mu Talatar."

Da aka watse sai aka tuna motar ba ta ribas, lungu kuma ba ya juyuwa. Majiya ƙarfin unguwa suka taru suka turo ta baya-baya har bakin titi, Falalu na zaune ciki yana ba su umarni. Daga ranar kullum sai an turo ta, har samari suka fara sauya hanya in sun ji waƙar.

Ranar Talata tun asuba Barau, tunda Falalu ya sallame shi, ya kora jakunansa da albasar wani mutum. Gwaggo ta yi ta aike a taso Falalu, shi kuwa ya ce mai jirgi ba ya sammako. Sai da ya karya kumallo, ya wanke mota, ya goge ta da tsohon rawani, sannan ya iso gona rana ta ɗaga.

Aka fara lodi. Ramin gaba aka juye masa tumatir tsura har ya cika. Sauran kwanduna Falalu ya jera su a kan murfin baya mai tsaga-tsaga, ya ɗora wasu a kan wasu, ya rufe da ciyawa da buhu, ya ɗaure tamau da igiya har tsagar ko ɗaya ba ta samun iska. Motar da dama risinawa take, yanzu ta yi sujada. Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafar tumatirinta. Aka ɗaga ta aka zura a kujera, gwiwoyinta suka kusa taɓa haɓarta, aka ɗora mata kwando guda a cinya. Rufin an bar shi gida, Rukayya ta riga ta kife 'yan tsaki da shi.

Da farko abin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Hanyar bakin kanal a miƙe take, motar ta ɗauki wuta, iska na kaɗa lulluɓin Gwaggo. Can suka hango Barau da jakunansa. Falalu ya danna tiriri-tiriri-taram, jakuna suka watse cikin gonar alkama, ya wuce ya bar wa tsoho ƙura, irin wadda aka daɗe ana bar masa.

Ba su yi nisa ba suka iso wata 'yar gada mai ƙusumbi da ta haye kanal. Falalu ya ce Gwaggo ta riƙe da kyau za su tashi sama. Ba su tashi ba. Motar ta hau ƙusumbin ta zauna a kan cikinta, ƙafafun gaba na lilo, na baya na juyawa a banza. Manoma suka ajiye fartanya suka zo. Aka sauke kwanduna, aka sauke Gwaggo, aka ɗaga mota da "ya Allah, ya Annabi", aka dire ta a ƙetare da ƙarfi har tumatirin ramin gaba ya yi wata 'yar ƙara mai ban tausayi. Aka mayar da komai aka ɗaure. Wani manomi ya ɗago wani dogon ƙarfe daga kan gadar.

"Direba, wanga naku ne?"

Salansa ce. Falalu ya ce a bar ta nan, dama nauyi take ƙara wa mota.

Suna cikin haka sai ga Barau ya iso. Ya tsayar da jakuna, ya gyara tsayuwa.

"Salamu alaikum. Hajiya Taiba, ina kwana? Ina gajiya? Ya hanya? Falalu, an tashi lahiya? Ya iyali? Ya ƙoƙari? Ya mai jiki?"

"Wane mai jiki?"

Barau ya nuna motar da sandarsa. Ya yi mata addu'ar samun sauƙi, ya kora jakunansa.

Da aka tayar da ita babu salansa, sai ta koma harbi. Tattabaru suka tashi daga gonaki, wani makiyayi ya kwanta rub-da-ciki a bayan saniyarsa. Suka sake wuce Barau, wannan karon ko waƙar ba a ji. Ga mararrabar da ake karyawa zuwa titin Mafara, Falalu ya taka birki, birki ya ce sai an roƙe shi. Kafin ya amince sun wuce kwanar da 'yar tazara, wadda ko akuya za ta iya komawa da baya. Hanya siririya, kanal a dama, gona a hagu.

"Koma mana," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, wagga ba ta san baya ba. Gaba za mu yi mu zagayo."

Filayen dam kuwa Bature ya yanka su murabba'i-murabba'i, in ka kuskure kwana sai ka zagaye gonakin jama'a kaf. Suka yi ta tafiya, suka karya, suka sake karyawa, sai ga su a gindin gadar nan mai ƙusumbi, manoman ɗazu na zaune suna shan fura.

"A'a, sannunku da dawowa! Har an sayar? Lallai mota ta yi gudu!"

Gwaggo ta ɗaga hanci. Tun ɗazu take shaƙar wani abu. Bayanta ya yi ɗumi kamar ta jingina da murhu, kuma wani ƙamshi na bin su duk inda suka yi.

"Falalu, wa ka suya nan kusa?"

"Turaren motar ne, Gwaggo. Haka na Turawa yake."

"Turaren Turawa da ƙamshin miya?"

"Ai shi ya sa ba su cika jin yunwa ba."

Da suka hau titi, karnuka biyu suka biyo su. A wani ƙauye wata tsohuwa ta ɗaga murya tana tambaya gidan wa ake suna. Ruwan tumatir na ɗiga ta tsagogin murfi yana sauka kan ƙarfe mai zafi, yana cuwi-cuwi, tururi ja-ja na tashi a bayansu. Agogo ɗaya a gaban sitiyari allurarsa ta haye can cikin ja. Falalu ya nuna wa Gwaggo da alfahari, ya ce alama ce mota ta kai ƙarshen jin daɗinta. Daga nan ta fara shaƙuwa, ta mutu, a tura, ta tashi, ta sake mutuwa. A mutuwa ta ƙarshe Barau ya zo ya wuce, ya cire hula ya riƙe a ƙirji har ya gifta.

Rana ta take tsaka suka gangaro kasuwar Mafara, gangara ce ma ta kawo su. Manyan motoci duk sun tashi sai guda, ta wata 'yar kasuwa Madam Hannah, ana ɗaure mata tamfol. Falalu ya ga taro, wuyansa ya dawo. Ya danna waƙa, ya ɗaga fitila ɗaya, ya fara lallashin birki tun daga rumfar masu gishiri, bai samu biyan buƙata ba sai da ya tsaya cikin tarin kabewar wani bawan Allah.

Ya haura ta sama ya diro.

"Madam, dakata! Ga tumatirin da bai taɓa hawan jaki ba. Iska ya sha tun daga Bakura, ta tagogi na musamman."

Madam Hannah ta zo ta kwance igiya ta yaye buhu. Tururi ya buge ta a fuska har ta ja da baya. Kwandunan sama sun yi laushi sun saki fata. Na tsakiya sun narke. Na ƙasa kuwa tafasa suke, ɓul-ɓul, har sun fara kamu.

Ta sa yatsa ta ɗanɗana.

"Baba, ni ɗanye nake saya. Wannan saura gishiri da mai."

Kasuwa ta taso. Wata mai tuwo ta ce in za a bar mata da araha ta kawo tukunya. Mai kabewa ya ce tunda an haɗa da kabewarsa a ƙarasa a yi taushe. Falalu ya ɗaga hannu yana rantsuwa wannan aikin rana ne, ko kuma sammu, domin mota marar inji ba ta da abin da za ta dafa ko ƙwai.

Ana haka Augustine ya kutso, harbin motar ne ya kira shi tun daga gareji. Ya sa tsumma ya sauke kwandunan, ya ɗaga murfin mai tsaga-tsaga. Ga inji nan zaune, ya sha miya har wuya, yana hayaƙi.

"Ga shi, Malam Falalu. Shi nake ta so in nuna maka."

Falalu ya leƙa. Ya dubi Augustine, ya dubi jama'a, ya sake leƙawa. Kowa ya yi zaton yau dai bakinsa ya mutu. Sai ya dafe ƙirji ya ja da baya.

"Wa ya sa mata wanga abu? Jama'a ku shaida, da na saye ta babu shi! Oga Agusti, da kai anka haɗa baki!"

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, faɗuwa ce. Wani mahauci ya zauna daɓas cikin kwandon barkono bai ma ji ba. Masu lodi suka riƙe tayar babbar mota suna hawaye. Har mai kabewa ya yafe.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Gwaggo na zaune a kujera inda aka zura ta, rungume da kwandon cinyarta, shi kaɗai ya iso da ransa, don na ramin gaba ma duk ya farfashe. Madam Hannah ta saye shi, ta ƙara mata da sannu, babbar mota ta tashi. Tsohuwa ta bi ta da kallo har ta sha kwana, kuma duk wanda ya dubi fuskarta a lokacin dariyarsa ta tsaya. Tausayi ya kama mutane, kunya kuma ta kama Falalu, karo na farko da aka taɓa gani.

"Gwaggo, in an cire injin nan..."

"Rufe mani baki. Gonar ubana, ruwa ya ci ta na yi haƙuri, don ruwa ba ni na rene shi ba." Ta juya. "Malam Barau, kana kusa?"

Yana kusa. Ya sayar da albasa, ya yi salla, har ya ci goro.

Motar ba ta sake tashi ba, injin ya ƙone. Augustine ya ce kayan gyaranta sai dai a bi Baturen ƙasarsu. Barau ya haɗa igiyoyin jakunansa, ya zagaya ya ɗaura a ƙugun motar ta baya, wai nan ne ƙarfe ya fi ƙwari. Haka aka ja ta har Bakura, gindi a gaba, hanci na kallon Mafara, Falalu a sitiyari wuya a murɗe. Gwaggo na bisa jaki. Duk ƙauyen da aka ratsa sai Barau ya tsaya ya yi cikakkiyar gaisuwa, sannan ya ce, "Ku taya mu murna, ta koyi ribas."

Washegari Gwaggo ta sa aka turo motar tsakiyar fili a bayan gidanta, inda rana ke kwana. Ta fito da wuƙa da tumatirin da ya farfashe, ta zauna tana yankawa tana shimfiɗawa a kan goshin motar, da murfin baya, da rufin da aka ƙwato daga 'yan tsakin Rukayya.

"Gwaggo, fenti!" in ji Falalu.

"Wagga ita ce abin da ya saura na gonar ubana. Gonar ubana kuwa ba ta taɓa zaman banza ba, ba za ta fara yanzu ba."

Ƙarfe ya ɗauki zafi, tumatir ya bushe ƙayau, ja wur, ba yashi ba ƙasa. Kauɗar Gwaggo, wato busasshen tumatirin nan, ta yi suna har daga Maradun ana aikowa. Mai kyau na gona ya koma hawan jakunan Barau, wanda ya ɓare ya hau mota. Kaji ne kawai suka zame mata ciwon kai, don haka ta ba Falalu aiki daidai da iliminsa. Ya zauna a sitiyari daga hantsi zuwa la'asar, kaza ta matso ya danna ham. Da sun ji waƙar sai su watse.

Bai daina cika baki ba. Duk baƙon da ya tsaya kallo sai ya gaya masa a duk ƙasar Zamfara babu mai shanya a kan abu mai tsada irin nasu, kuma dama da wannan niyya ya saye ta.

Sai dai batir ba ya rayuwa a motar da ba ta tashi. Waƙar ta yi ta siracewa, ta koma kamar kukan sauro, wata safiya ya danna shiru. Kaji suka dubi juna suka hau goshin mota. Falalu ya fito da murna ya je ya shaida wa Gwaggo aiki ya ƙare, ham ya mutu.

Gwaggo ba ta ɗago daga yankan da take ba.

"Kajin nan waƙar kawai suka sani. Kai kuma saboda ita ka ba da gonar ubana, ai ka haddace ta. Bakinka kuwa ban taɓa jin batir nasa ya mutu ba. Koma."

Shi ya sa a ranin nan, duk wanda ya bi ta bayan gidan Gwaggo Taiba zai ga ƙato da babbar riga zaune cikin jar mota lulluɓe da tumatir, hannu a sitiyari, ido a kan kaji, yana buɗe baki iya ƙarfinsa:

"Tiriri-tiriri-taram!"